Likita ya ce in rage abinci, ni kuma na je na azabtar da kaina da yunwa

Ba maganar ƙiba ce ta kai ni asibiti ba tun farko, gajiya ce. Irin gajiyar nan da za ka kwanta tun ƙarfe goma amma ka tashi da safe kamar wanda ya kwana yana dakon bulo, ga gwiwata ta dama da take min ciwo in zan hau bene, ga wani nauyin jiki bayan abincin rana da sai na ɗan kifa kai a kan tebur kafin in dawo hayyacina. Shekarata 44, aikina na zama ne a gaban kwamfuta daga safe har yamma, kuma ni mutum ne mai son ci, wannan ba na ɓoye shi. Maiɗakina ce ta yi ta mita har na gaji na shirya wata Talata na tafi. Na isa wajen bakwai da rabi ina ganin na yi sammako, ashe akwai mutum kusan talatin a gabana, sai da na fara bin layin yankar kati, daga nan layin biyan kuɗi, daga nan kuma na dawo da risit aka buɗe min fayil. Wajen goma aka kira ni wurin nas, ta auna hawan jini ta ce ya ɗan ɗaga amma ba na tashin hankali ba ne, ta ce in cire takalmi in hau sikeli, kilo 94, tsawo mita 1.72. Sai ta ɗauko tef irin na tela ta zagaya cikina daidai saitin cibiya, ni kuma na yi wuf na shanye cikin, ta ce Malam saki numfashi mana, ai ba hoto za a ɗauka ba. Da na saki sai ga santimita 106.

Likitan da na samu matashi ne, bai kai ni shekaru ba, amma yana da natsuwa. Ya saurare ni, ya danna gwiwar, ya duba idona da harshena, ya kalli abin da nas ta rubuta ya ce Malam ƙa'idar mai sauƙi ce, kewayen cikinka kada ya wuce rabin tsawonka, kai rabin tsawonka 86 ne, ka ga ka zarce da 20 ke nan. Sai ya rubuta min takardar gwaje-gwaje, ƙirgen ƙwayoyin jini, sukari, kitsen jini, hanta da ƙoda, da wani da ya ja wa layi a ƙasa, hs-CRP, gwajin wani sinadari a jini da ke ƙaruwa in garkuwar jiki tana cikin faɗa. A nan ruɗanin farko ya same ni, don ko dai bai ce min in zo da yunwa ba, ko kuma ya faɗa hankalina yana wani wuri. Washegari na sha shayina da sukari da burodi na tafi, na bi layi na biya, na zauna awa ɗaya da wani abu, da aka zo kaina matar da ke ɗiban jinin ta riga ta ɗaure min dantse ma sai ta ce ka ci wani abu yau? Na ce a'a shayi ne kawai. Ta kwance robar ta ce sai gobe, gwajin sukari da na kitsen da aka rubuta maka ana so ka yi awa 8 zuwa 12 ba ka ci komai ba, ruwa kawai aka yarda. Haka na juyo raina a ɓace. Da na dawo kuma sai aka ce risit ɗina na jiya ne, sai na koma wurin kashiya an buga masa hatimi, wani layin ke nan. Shi kuma hs-CRP ɗin ashe ba a yin sa a nan, aika jinin ake yi wani lab ɗin, kuɗinsa daban, kuma shi ya fi kowanne tsada a cikin jerin, aka ce in dawo bayan kwana biyar na aiki. In an rubuta maka shi ka tabbatar wanda ke da hs a gaba aka yi maka, don akwai CRP na gama-gari da ake yi wa mai zazzaɓi ko wanda ake zargin ƙwayar cuta, shi ba ya kama ƙananan lambobi sosai, alhali ƙananan lambobin ake nema a irin wannan binciken.

Da na karɓo sakamakon na buɗe shi tun a bakin ƙofa, kusan komai yana cikin iyaka, sai HbA1c, wato gwajin matsakaicin sukarin jini na watannin baya, da ya nuna 5.9, sai kuma CRP 14.2 da tauraro a gefensa. Ranar ganin likita kuma sai bayan kwana huɗu. Daren nan ban yi barci ba, ina kwance da waya a hannu ina ta bincike, duk inda na shiga sai in ga an lissafo ciwon daji da ciwon zuciya da cututtukan da ban taɓa jin sunansu ba, har na fara lissafin bashin da ake bi na. Maiɗakina ta farka wajen ƙarfe biyu ta ga hasken waya ta ce Baban Ummi don Allah ka kashe wannan abin, waya ba likita ba ce. Ranar da na shiga wurin likitan ya kalli takardar, tambayar farko da ya yi min ita ce ranar da aka ɗebi jinin nan lafiyarka ƙalau? Na ce eh to, mura ce dai ta ɗan kama ni, sai kuma wani haƙori da dasashinsa ya kumbura ina ta lallaɓa shi da maganin ciwo kusan sati biyu. Ya yi dariya ya ajiye biro. Ya ce hanta ce take yin CRP, kuma da zarar ƙwayar cuta ta shiga jiki ko an ji rauni cikin awanni kaɗan take fara zubo shi, kwana biyu ya kai ƙololuwa, a ciwo mai tsanani yana iya haura ɗari. Don haka duk lambar da ta wuce 10 ba a yanke hukunci da ita, sai a nemo abin da ya tayar da ita a magance sannan a sake. Ƙasa da 1 shi ne mai kyau, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 kuma a mutumin da ba ya ciwon komai shi ake kira mai yawa. Ya tura ni wurin likitan haƙori, nan ma sabon kati sabon layi, aka cire haƙorin, na jira sati uku, na sake biyan kuɗin gwajin, ya fito 4.8. Ya ce a sake bayan sati biyu don ba a dogara da awo ɗaya, na biya karo na uku ina ƙunƙuni, ya fito 4.5. Da ace wani ya ce min kada in je a ɗebi jinin ina mura da kuɗin farko bai tafi a banza ba, da kuma ban yi wancan kwanan zaunen ba.

Sai ya ce min to Malam kana da kumburi a jiki. Ni kuwa nan take na sunkuya ina duba ƙafafuna, har da danna ƙwauri da yatsa in ga ko zai lotsa, na ce Likita ni ban ga inda ya kumbura ba. Wannan kalmar tana ruɗa mutane da yawa, don mu in an ce kumburi abin da muke gani da ido muke nufi. Ya ce ba irin wannan ba ne, kumburin da ka gani a dasashinka shi ne garkuwar jiki ta taso da ƙarfi wuri ɗaya, ta yi faɗa ta gama ta koma, wannan mai amfani ne. Wanda yake magana a kai kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka, ba hayaƙi ba harshen wuta, amma yana nan yana ci shekara da shekaru, yana lalata bangon jijiyoyin jini, yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, shi ya sa sukarina ya fara leƙa sama, don daga 5.7 zuwa 6.4 an shiga matakin gab da ciwon sukari. Kuma babban wurin da garwashin yake shi ne wannan tumbin da nake shanyewa. Daga baya da na zauna na karanta a natse na ga ashe tun 1993 masu bincike suka gano kitse da kansa yana fitar da wani sinadarin tayar da kumburi mai suna TNF, a 2003 kuma aka gano cewa in kitse ya yi yawa wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofej, masu haɗiye datti da matattun ƙwayoyi, suna tururuwa su cika cikinsa. Su da kitsen sai su yi ta sakin TNF da wani mai suna IL-6, shi kuma IL-6 shi ne ɗan aiken da ke zuwa wurin hanta ya ce ta ƙara CRP. Ni da nake ɗaukan kitse kamar buhun ajiya ne kawai da ke zaune shiru. Likita ya ce maganin farko ba ƙwaya ba ce, in rage abinci in motsa jiki, ya rubuta min takardar turawa zuwa wurin mai ba da shawara kan abinci. Na je teburinsu suka buɗe littafi suka ce ranar da ta fi kusa sai nan da sati shida, don ita kaɗai ce kuma sau biyu take zama a sati.

To a cikin sati shidan nan na tafka wautar. Na ce me zan zauna jira, ai rage abinci ba sai an koya min ba, in rage kaɗan yana kashe kumburi to rage da yawa zai fi saurin kashe shi. Na sauke wata manhajar ƙirga kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, a waya, na daina karin safe, na daina na rana, da daddare in ci ɗan ganye da ƙwai ɗaya ko 'yar shinkafa cokali huɗu, a rana ba na wuce kalori 900, wata rana ma 700. Satin farko kilo uku suka tafi, na ji kamar na ci gasa, ban san yawancinsa ruwa ne ba. Zuwa sati na uku sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ya dame ni, kowa yana neman fanka ni ina neman rigar sanyi. In na miƙe da sauri sai jiri. Ga saurin fushi, yaro ya yi ɗan ƙaramin abu in hau shi da faɗa, ga tunanin abinci da ba ya barina, ina aiki ina kallon hotunan girki. Sai mura ta sake kama ni ta ƙi tafiya fiye da sati biyu, gefen bakina ya tsage, wani ɗan yanka da na yi a yatsa da wuƙa wanda da kwana uku ya isa ya kame sai da ya yi kwana goma yana ruwa, daga ƙarshe maruru ya fito min a cinya har ba na iya zama daidai a kujera. A sati na biyar sikeli ya nuna 87, mutane suna ta ce min ka rame fa, lafiya? Ni kuma ina jin daɗi ina cewa dayet nake yi. Garin gyaran gira na kusa rasa ido.

Marurun ne ya mayar da ni asibiti ba tare da ranata ta zo ba, na zauna tun safe har bayan azahar don marasa alƙawari sai an gama da masu shi. Da likitan ya gan ni ya kalli sikeli ya kalle ni ya ce me ka yi wa kanka? Na nuna masa manhajar ina alfahari. Bai ɗaga murya ba amma na ji kunya ranar, ya ce Malam na ce ka rage, ban ce ka daina ba. Aka matse marurun, aka ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sa a sake ƙirgen jini, jinina ya ɗan yi ƙasa, fararen ƙwayoyin ma sun sauka zuwa bakin iyaka. Na ce a haɗa da CRP in ga ko yunwar ta yi aiki, ya ce kada ka ɓata kuɗinka, da wannan marurun sama zai nuna. Bayanin da ya yi min shi ne garkuwar jiki ma ci take yi, ɓargo yana ƙera sababbin ƙwayoyin jini kullum ba hutu, su kuma sinadaran da ke kama ƙwayar cuta da furotin ake gina su, fatar da za ta rufe rauni ma furotin take so da zinc da bitamin C, jini yana son sinadarin ƙarfe. In ka yanke abinci haka kwatsam jiki yana ɗauka fari aka shiga, sai ya fara rufe ma'aikatun da ke cin kuɗi, wani sinadari da kitse ke fitarwa mai suna leptin ya faɗi warwas, faɗuwarsa kuma tana sanyaya gwiwar ƙwayoyin T, waɗanda su ne ke gane maƙiyi su tuna da shi. Ya ce a duniya gaba ɗaya rashin isasshen abinci shi ne kan gaba wajen raunana garkuwar jiki, shi ya sa tarin fuka ya fi kama ramammu. Da na koma gida na ci karo da labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, wanda Ancel Keys ya jagoranta, maza 36 aka rage wa abinci zuwa kusan rabi na tsawon wata shida, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, kuma abin da aka rubuta a kansu kamar ni ake kwatantawa, jin sanyi, fushi, baƙin ciki, tunanin abinci dare da rana. Abin da ya ba ni tsoro, su kalori wajen 1,570 ake ba su a rana kuma sunan gwajin ma gwajin yunwa ne, ni kuwa ina kan 900 ina kiran abin gyaran jiki.

Ranar mai ba da shawarar ta zo. An ce in taho da takardar turawa, da katina, da duk sakamakon gwaje-gwaje na asali ba hoton waya ba, da kuma rubutun duk abin da na saba ci na kwana uku, biyu na aiki ɗaya na hutu, irin cin da nake yi kafin in fara haukar yunwa. Dattijuwa ce mai fara'a, ta kusa awa ɗaya da ni, wanda a asibiti wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ta karanta rubutun nawa ta ce Malam a nan ba ka rubuta mai ba, ba ka rubuta abin sha ba. Na ce Malama ai mai ba abinci ba ne, a cikin girki yake. Ta yi murmushi ta ce giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da na furotin 4 ne kowanne, babban cokali ɗaya na mai wajen kalori 120 ke nan, ta ce ka je gida ka roƙi uwargida ta zuba man da ta saba zubawa, amma a kofi, kafin ya shiga tukunya. Mun yi haka a daren, ta karkata galan yadda hannunta ya saba, ba ta ƙara ba ba ta rage ba, muka tsaya a kicin ina riƙe da cokali ina kwashewa ina ƙirgawa, ɗaya, biyu, har goma sha ɗaya, a girki ɗaya na mutum biyar, kuma kowa ya san wa ke cin kaso mafi tsoka. Muka kalli juna kawai, ta ce to ai kai ne kake cewa abinci ba ya daɗi in ba ya ƙyalli. Lissafin da Malamar ta yi min shi ne jikina yana ƙona wajen kalori 2,500 a rana, za mu cire 400 kawai in tsaya a 2,100, wato kashi 16 cikin ɗari. Na ce wannan ai wasa ne. Ta ce lemon gwangwani biyun da kake sha kullum kowanne wajen 140 ne, ka ga 280, a rage cokali ɗaya na mai daga kasonka, an kai 400 ke nan ba a ma taɓa farantinka ba tukuna. Abin da ta ƙara min ma ya fi wanda ta cire yawa a ido, furotin wajen giram 100 a rana a raba shi sau uku, ƙwai, kifi, wake, nama marar kitse, madara, ga ganye da 'ya'yan itace rabin faranti. A nan ma na so in ruɗe, na ɗauka giram 100 na nama shi ne giram 100 na furotin, ashe dafaffen nama giram 100 bai wuce giram 25 zuwa 30 yake bayarwa ba, ƙwai ɗaya kuma wajen 6. Ta ce kuma kada in yi tsalle daga 900 zuwa 2,100 a rana ɗaya, in hau a hankali cikin sati biyu, kuma kada in firgita in sikeli ya ƙaru. Ya ƙaru kuwa, na koma 89, raina bai so ba.

Ita ce ta fara ambata min wani bincike mai suna CALERIE, da ta ga ina raina kashi 16 ɗin, na je na karanta shi da kaina, kuma shi ya kwantar min da hankali fiye da komai. An daɗe da sanin abin a dabbobi, tun 1935 Clive McCay a Jami'ar Cornell ya nuna ɓerayen da aka rage wa abinci ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba sun fi tsawon rai, amma a mutane wannan shi ne babban gwajin da aka tsara da kyau. A Amurka aka yi shi, mutum 218 masu lafiya 'yan shekara 21 zuwa 50, kuma ba masu ƙiba sosai ba, aka raba su gida biyu, wasu su ci yadda suka saba wasu su rage kashi 25 cikin ɗari na shekara biyu. Abin dariyar shi ne duk da masana da ke bibiyarsu ba su iya kai 25 ɗin ba, a tsakaice wajen kashi 12 suka iya, amma da wannan ɗin ma suka sauke kusan kashi 10 na nauyinsu, CRP ɗinsu ya yi ƙasa da na ɗaya rukunin da wajen kashi 40, TNF da wajen kashi 50. Sai tambayar da ta fi damuna bayan maruru, garkuwar fa? An yi musu allurar rigakafi iri-iri ciki har da ta ciwon hanta nau'in A da ta tetanus, jikinsu ya amsa daidai da na waɗanda ba su rage komai ba, kuma ba su fi su kamuwa da cututtuka ba, duk da cewa yawan fararen ƙwayoyin jininsu ya ɗan sauka. A 2022 kuma tawagar Vishwa Deep Dixit a Jami'ar Yale ta duba wasu daga cikin mutanen da suka rage wajen kashi 14, suka ɗauki hoton wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus da na'urar MRI. Ita ce makarantar da ake horar da ƙwayoyin T, kuma tun bayan balaga take fara tsufa tana rikiɗewa zuwa kitse, a cewarsu kafin mutum ya kai 40 wajen kashi 70 nata ya zama kitse. Bayan shekara biyu sai suka ga kitsen ya ragu, ɓangaren da ke aiki ya ƙaru, tana fitar da sababbin ƙwayoyi fiye da da. Ni da na haura 40 na karanta wannan ina shafa ƙirji. Amma binciken bai ɓoye illa ba, ƙarfin ƙashi ya ɗan ragu a wasu wurare, wasu kuma jininsu ya yi ƙasa, kuma waɗannan mutane ne da ake auna su a kai a kai ana ba su ƙarin bitamin.

Watannin da suka biyo baya ba wani labari mai daɗin ji a cikinsu, kuma ina ganin haka ya kamata. Duk wata in je a auna ni, minti goma an gama, wata rana jiran ya fi ganin tsawo sau goma. Kilo ɗaya da rabi, kilo ɗaya, a wata na huɗu ma ko giram bai motsa ba har na fara tunanin komawa tsohuwar hanya, Malamar ta ce jikin da ya ragu ƙonawarsa ma raguwa take yi, ta ɗan gyara lissafin ta ƙara min tafiyar ƙafa ta minti talatin da ɗan ɗaga nauyi sau biyu a sati don kada tsoka da ƙashi su bi kitse su tafi. A wata na uku gashina ya ɗan zuba, na tsorata, ta ce bashin waccan yunwar ne kake biya, gashi yakan yi wata biyu zuwa uku kafin ya nuna fushinsa, ya kuwa tsaya da kansa. Na taɓa tambayarta batun masu tsallake abinci na awa goma sha shida ko yini guda don suna ta yayinsa, ta ce wasu yana yi musu sauƙin rage ci kuma ba laifi in likita ya yarda, amma kada in ɗauka tsawon yunwa shi ne ƙarfin garkuwa. Akwai binciken da aka yi a asibitin Mount Sinai na New York a 2023 a kan ɓeraye, cikin awa huɗu da hana su abinci wajen kashi 90 na wasu fararen ƙwayoyi masu suna monosait suka ɓace daga jini suka koma ɓargo, da aka dawo musu da abinci bayan yini guda sai suka fito a guje a fusace, ɓerayen kuma suka fi shan wahala da aka sa musu ƙwayar cuta. Ɓera ba mutum ba ne, awa huɗunsa ba irin namu ba ne, amma ni da na ga abin da ya faru da yatsana bai ba ni mamaki ba.

Bayan wata shida aka sake rubuta min gwaje-gwajen. Wannan karon na san kan abin, na tabbatar sati uku ba mura ba ciwon haƙori ba rauni, ban yi motsa jiki mai tsanani ba ana gobe don shi ma yana iya ɗaga lambar, na kwana da yunwa, na biya a ranar don kada a sake min zancen hatimi, kuma na nace a aika jinin lab ɗin da ya yi na baya don a kwatanta abu da irinsa. Kilo 82, ciki santimita 95, HbA1c 5.5, jinina ya dawo daidai, fararen ƙwayoyi suna cikin iyaka, CRP 1.9. Likita ya ce madalla amma kada ka ba abinci lada shi kaɗai, an cire ruɓaɓɓen haƙori, kana tafiya, barcinka ya gyaru, duk suna da hannu. Gwiwar ta yi sauƙi sosai, kifa kai a tebur kuma na manta rabona da shi, mura sau ɗaya ta kama ni ta yi kwana huɗu ta tafi.

Abokai biyu sun riga sun ce in tura musu jadawalin abincina, na ƙi, don lissafin da nauyina da tsawona da jinina aka yi shi. Ɗayansu ma allurar insulin yake yi, in ya rage ci bai gyara allurar ba sukarinsa zai iya faɗuwa ya sume. Malamar ta jero min waɗanda wannan hanyar ba tasu ba ce sam sai da likita a tsaye, mai ciki da mai shayarwa, yara da ke girma, tsofaffin da suka fara ramewa, mai tarin fuka ko wata doguwar jinya, wanda aka yi wa tiyata ko ake shirin yi masa, da wanda dama ba shi da nauyi. Ko ni ta ce duk ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni in ajiye ƙirga kalori in ci in sha har in warke. Abin da na ce wa abokan nawa shi ne su fara zuwa a ɗebi jini suna lafiya ƙalau, su karɓi ranar ganin mai ba da shawarar tun a zuwan farko tunda layinta ya fi na kowa tsawo, kafin ranar ta zo kuma in hannunsu yana ƙaiƙayi su cire lemo da rabin sukarin shayi kawai su bar sauran. Ni dai saura min santimita 9 in kai 86 ɗin da likita ya ce, an ba ni wata shida in dawo, ya kuma ƙara gwajin bitamin D da na sinadarin ƙarfe a takardar, na riga na sa ta a cikin fayil tare da tsofaffin risit ɗin.